AMANAR ASIRI A LOKACIN BINCIKEN ZAMBA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Masanin fili da ɓoye, wanda Ya lulluɓe bayinSa da suturarSa, Ya kuma haramta musu zaluntar juna. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), wanda mutanen Makka suka sa wa suna Al'amin tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, abin da ya jawo wannan nasiha shi ne wata tambaya da wani saurayi ya zo mini da ita bayan sallar la'asar. Yana aiki ne a wani wurin ajiya da aika kuɗi. An gano giɓi a lissafi, ana zargin wani abokin aikinsa, masu bincike kuma sun nemi takardun da ke hannunsa. Ya ce: "Malam, na rasa inda zan sa kaina. Wan mutumin nan ya same ni har gida, yana roƙona in rufa wa ƙanensa asiri don Allah. Abokaina kuwa a fada kowane dare sai sun tsare ni in ba su labari, har wani ya ce in ɗauko musu hoton takardun a waya. Ga kuma hukuma tana jirana. Wanne ne amana, wanne ne cin amana?"

Na ce masa: "Ɗana, zauna mu bi abin sannu a hankali, domin ba kai kaɗai wannan tambaya ta shafa ba." Lalle ta shafi ma'aikacin banki, da ma'ajin ƙungiya, da uwar adashi, da sakataren kwamitin masallaci, da likita, da ɗan sanda, da jandarma, da alƙali. Amsarta a taƙaice ita ce: asirin da ke hannunka yana da ƙofa ɗaya ta fita. Wanda ya toshe ƙofar ya yi zunubi, wanda ya fasa bango ya fitar da shi ta wata hanya shi ma ya yi zunubi.

ASIRIN MUTANE AMANA NE

Da yawa daga cikinmu idan aka ce amana, ba abin da ke zo mana a rai sai kuɗi ko kaya da aka ba mutum ajiya. To amma amana ta fi haka faɗi. A cikin Suratun Nisa'i aya ta 58 Allah (SWT) Ya yi umarni da a mayar da amanoni ga masu su, a kuma yi hukunci da adalci. Malaman tafsiri sun ambata cewa ayar ta sauka ne game da mabuɗin Ka'aba a shekarar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, inda Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi ga Usmanu ɗan Ɗalha. Duk da haka sun haɗu a kan cewa hukuncinta ya game kowace irin amana. Ya kuma zo a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa idan mutum ya yi maka magana sannan ya waiwaya don kada wani ya ji, to maganar nan ta zama amana a wuyanka.

In har waiwaye kaɗai ya isa ya mayar da magana amana, ina ga takardar da mutum ya sa wa hannu ya miƙa maka don kana bakin aiki? Adadin kuɗin da ɗan kasuwa ya ajiye, da bashin da ake bin magidanci, da sunan wadda yake aika wa kuɗi kowane wata, da lambar wayarsa, da cutar da ke jikinsa, duk ba ka san su don wayonka ba. Ka san su ne domin kujerar da aka ɗora ka a kai. Saboda haka ba naka ba ne balle ka yi kyauta da su a wurin shan shayi. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

ƁOYE SHAIDA BA RUFIN ASIRI BA NE

To ina matsayin roƙon da wan mutumin nan ya yi? Gaskiya ne Musulunci ya kwaɗaitar da suturta Musulmi, kuma an yi alkawarin sutura a ranar ƙiyama ga wanda ya suturta ɗan'uwansa. Sai dai malamai sun bayyana iyakar wannan. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan hijira, ya yi bayani a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa suturar da ake so ita ce ta mutumin da ba a san shi da ɓarna ba, wanda ya yi tuntuɓe ya wuce. Amma waɗanda aka ba amanar sadaka, da waƙafi, da dukiyar marayu, idan an ga abin da ya rushe cancantarsu, to bai halatta a rufa musu ba lokacin da buƙata ta taso, kuma bayyana halinsu nasiha ce ta wajibi.

Dalili kuwa a fili yake. Zamba tana da wanda ta cuta. Kuɗin da suka ɓace na wata bazawara ne da ta tara da sana'ar ƙuli-ƙuli, ko na manomin da ya sayar da albasarsa yana shirin aikin hajji. Idan ka rufa wa mazambaci, su waɗannan ka tona wa asiri. Allah Ya hana ɓoye shaida a Suratul Baƙara aya ta 283, Ya siffanta mai ɓoye ta da mai zunubin zuciya. A Suratun Nisa'i aya ta 135 kuma Ya wajabta tsayar da shaida don Allah ko da a kan kanka ne ko iyayenka ko danginka. Mun kuma san ƙissar matar nan ta ƙabilar Makhzum da ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usamatu ɗan Zaidu (RA) ya yi mata ceto, fuskar Annabi (SAW) ta sauya, ya ƙi karɓar ceton, ya kuma gargaɗe su da halakar al'ummomin da suka riƙa ƙyale manya suna hukunta masu rauni.

Don haka ɓoye takarda, ko yaga shafi, ko goge lissafi a kwamfuta, ko cewa "ban sani ba" alhali ka sani, duk taimakon zalunci ne, ko da an sa musu sunan zumunci.

WA ZA A FAƊA WA?

Tun da ya tabbata dole a faɗa, sai tambaya ta biyu ta taso: wa za a faɗa wa? A nan ne mafi yawan mutanen kirki suke zamewa. Mutum ya ga ɓarna, ransa ya ɓaci, sai ya ɗauka tun da gaskiya ce yake faɗa, to ko'ina ya faɗe ta daidai ne. Wannan kuskure ne babba. Giba ita ma gaskiya ce. In da ƙarya ce da sunanta ƙage. Malamai irin su Imamu Gazali da Imamu Nawawi sun lissafa wurare 6 da aka yi rangwame a ambaci aibin mutum a bayan idonsa, na farkonsu shi ne wanda aka zalunta ya kai kuka wurin sarki ko alƙali ko wanda ke da ikon ƙwato masa haƙƙinsa. Ku lura da sharaɗin: wurin mai ikon gyarawa. Abokin hira ba shi da wannan iko, haka nan ƴan zauren WhatsApp.

A Suratun Nisa'i aya ta 83 Allah Ya zargi mutanen da idan wani labari na aminci ko na tsoro ya zo musu sai su watsa shi, Ya nuna cewa daidai shi ne su mayar da shi ga Manzo da majiɓinta al'amari, domin masu iya tantancewa su gane haƙiƙarsa. A Suratul Hujurat aya ta 6 kuma aka umarce mu da bin diddigin labari don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama.

Ku dubi yadda Manzon Allah (SAW) ya yi da Ibnul Lutbiyya, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. An aike shi karɓar zakka, da ya dawo sai ya ware wani kashi ya ce wannan kyauta aka ba shi. Annabi (SAW) ya yi masa lissafi, ya nuna masa cewa da a gidan iyayensa ya zauna ba mai kawo masa kyautar nan. Sannan ya hau mumbari ya gargaɗi jama'a a kan hukuncin, yana magana a kan ma'aikacin da ake aikawa, ba tare da ya kira sunan mutumin a huɗubar ba. An yi bincike, an tsare dukiyar jama'a, an karantar da al'umma, kuma ba a mayar da mumbari wurin tozarci ba.

Ku dubi kuma Huzaifa ɗan Yamani (RA), wanda Annabi (SAW) ya sanar da shi sunayen munafukai. Wane asiri ne ya kai wannan nauyi? Amma Huzaifa ya riƙe shi har ya koma ga Allah. Sayyidina Umar (RA), yana Sarkin Musulmi, bai tilasta masa ya karanto sunayen ba. Abin da ya tambaye shi shi ne ko shi kansa yana cikinsu, kuma an ruwaito cewa yakan lura ko Huzaifa ya halarci jana'iza kafin shi ma ya sallace ta.

ZARGI BA HUKUNCI BA NE

Wani zai ce: "Ai na ga hujja da idona." To ka saurari abin da ya zo a littattafan tafsiri game da ayoyi na 105 zuwa 113 na Suratun Nisa'i. Wani mutum daga gidan Ubairiƙ ya saci sulke a Madina, sulken yana cikin buhun gari mai huda, ya kai shi ajiya gidan wani Bayahude. Masu nema suka bi sawun garin da ya zuba har ƙofar Bayahuden, suka sami sulken a can. Ga sawu, ga kaya, ga dangin ɓarawo suna rantsuwa cewa ɗan'uwansu mutumin kirki ne. Sai Allah Ya saukar da ayoyi Ya wanke Bayahuden, Ya kuma bayyana girman laifin wanda ya aikata zunubi sannan ya jefa shi kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Haka lissafin kuɗi yake. Sau da yawa sawu yakan kai ga sunan wanda aka yi amfani da lambarsa ko sa hannunsa ba da saninsa ba. Idan bayanin ya tsaya tsakaninka da mai bincike, ranar da gaskiya ta fito mutumin zai koma gidansa da mutuncinsa. Idan kuwa hoton takarda ya riga ya zaga wayoyin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge? An fasa auren ƴarsa, abokan ciniki sun gudu, ƴaƴansa suna jin kunyar zuwa makaranta. Magana zarar bunu ce.

ABIN DA DOKOKIN ƘASA SUKA TANADA

Ya ku ƴan'uwa, dokokin da aka kafa a ƙasarmu Nijar sun bi wannan hanya ta ƙofa ɗaya, kuma ya kamata kowane ma'aikaci ya san su.

Dokar hukunta laifuka ta 1961 ta tanadi ɗauri da tara ga likita, da mai haɗa magani, da ungozoma, da duk wanda aka damƙa wa asirin mutane saboda sana'arsa ko muƙaminsa, idan ya bayyana shi a inda doka ba ta tilasta masa ko ta yardar masa ba. Ita dai wannan doka ta hukunta wanda ya kai ƙarar ƙage. Dokar tsarin shari'ar laifuka, ita ma ta 1961, ta sanya aikin bincike ya zama na sirri, ta ɗora nauyin riƙe shi a kan duk mai hannu a cikinsa.

A fannin banki, ƙasashe 8 masu amfani da kuɗin sefa na Afirka ta Yamma suna bin tsari ɗaya ƙarƙashin babban banki BCEAO mai cibiya a Dakar, da hukumar sa ido kan bankuna da aka kafa a 1990 mai mazauni a Abijan. A wannan tsari ma'aikacin banki ɗaure yake da sirrin sana'a, amma ba shi da ikon fakewa da sirrin nan a gaban babban banki, ko hukumar sa ido, ko kotu idan tana binciken laifi.

Dokokin yaƙi da halatta kuɗin haram na 2004 da 2016 sun wajabta wa bankuna da masu aika kuɗi su sanar da hukumar tace bayanan kuɗi, wato CENTIF, duk wata hulɗa da suke shakka a kanta. Abubuwa uku ne ya kamata a kiyaye a nan. Na ɗaya, sanarwar ta sirri ce, an haramta gaya wa mai kuɗin ko wani dabam cewa an yi ta. Na biyu, wanda ya yi ta da kyakkyawar niyya ba a tuhumarsa da tona sirrin sana'a, ko da bincike ya nuna babu laifi. Na uku, idan hukumar ta miƙa rahoto ga mai gabatar da ƙara, ba ta sa sunan wanda ya kawo sanarwar a ciki.

An kuma kafa hukumar yaƙi da cin hanci HALCIA a 2011, da hukumar COLDEFF a 2023 don bin sawun dukiyar ƙasa. A 2017 aka yi dokar kare bayanan mutane, wadda ta samar da hukumar HAPDP, aka sabunta ta a 2022. Tushenta shi ne bayanin da aka karɓa don wata manufa ba a karkatar da shi zuwa wata, kuma ba a ɗaukar fiye da abin da buƙata ta kai. Dokar laifukan intanet ta 2019 kuwa ta sanya ɓata sunan mutum ta waya ko kwamfuta cikin laifuka.

Kada wani ya ce waɗannan dokokin boko ne, ba ruwan addini da su. Ranar da ka sa hannu a takardar aiki, ko ka yi rantsuwar kama aiki, ka ƙulla alkawari, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida ta wajabta cika alkawura. Wanda ya warware shi zai amsa a gaban alƙalin duniya, in ya kuɓuta a can ba zai kuɓuta a gaban Allah ba.

TSEGUNTA WA WANDA AKE ZARGI

Akwai wata kafa da tausayi ke buɗewa. Mutum ba zai ɓoye takarda ba, amma zai ja abokinsa gefe ya ce masa: "Ka yi hattara, ana bin sawunka." Da wannan kalma ɗaya sai a kwashe kuɗi, a ƙone takardu, a tsoratar da shaidu, ko a tsallake iyaka cikin dare. Ku tuna da Abu Lubaba (RA) a shekara ta 5 bayan hijira. Banu Ƙuraiza sun nemi shawararsa lokacin da aka kewaye su, sai ya nuna maƙogwaronsa da hannu, ya sanar da su abin da bai kamata ya fito daga gare shi ba. Tun bai ɗaga ƙafa daga wurin ba ya gane ya ci amana, ya tafi masallaci ya ɗaure kansa a jikin ginshiƙi har Allah Ya karɓi tubarsa. Da yawa daga malaman tafsiri sun ce a kansa aya ta 27 ta Suratul Anfal ta sauka, wadda ta hana ha'intar Allah da Manzo da amanonin da ke tsakaninmu. Nuni da hannu kawai ya yi. Ina ga saƙon waya da ake turawa a ɓoye?

NASIHA GA MASU BINCIKE DA SHUGABANNIN ƘUNGIYOYI

Kai kuma da aka ba ikon buɗe littattafan mutane, nauyinka ya fi na kowa. An ba ka mabuɗi don ka nemo abu ɗaya. In ka ci karo da wani asiri da bai shafi zambar ba, kamar rashin lafiyar mutum ko matsalar gidansa, to ka kawar da ido, domin aya ta 12 ta Suratul Hujurat da ta hana leƙen asirin mutane ba ta faɗi daga kanka ba. Wanda ya sayar da bayanin bincike ga abokin gabar wanda ake tuhuma, ko ya tsorata shi da shi don a ba shi na goro, ya zo kama ɓarawo ya zama ɓarawon da ya fi shi.

Haka nan kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu adashi. Idan kuɗi suka yi giɓi, kada a fara da lasifika. A zaɓi mutum biyu ko uku amintattu masu sanin lissafi, a ba su littattafan, a kira wanda ake zargi a saurare shi, domin ƙa'idar shari'a ita ce hujja tana kan mai da'awa. In abu ya tabbata ya biya, a sanar da masu haƙƙi gwargwadon abin da ya shafe su, a kuma karɓe ajiyar daga hannunsa. In ya ƙi, a kai wa hukuma.

ABIN DA ZA KA TAMBAYI KANKA

Ga abin da na ce wa saurayin nan ya riƙe, kuma shi nake ba kowa:

1. Wa ke tambaya? Ka tabbatar yana da hurumi, ka ga takardar izini daga alƙali ko hukumar da doka ta ba iko. Mazambata da yawa suna bugo waya da sunan banki ko ƴan sanda. Lambar sirri ta mutum kuwa ba a faɗa wa kowa ita a waya.

2. Me aka nema? Ka ba da shi cikakke, kada ka rage, kada kuma ka haɗa da takardun waɗanda ba ruwansu.

3. Me na gani, me na zata? Ka rarrabe su a bakinka, ka ce wannan na gani, wannan ji na yi.

4. Ta wace hanya? Ka bi ta hannun shugaban aikinka ko wanda aka ɗora wa wannan nauyi, a rubuta abin da aka miƙa da ranar da aka miƙa shi. In shi shugaban ne ake zargi, ka nufi hukuma kai tsaye.

5. Don wa nake yi? In akwai tsohuwar gaba tsakaninka da mutumin, ka ji tsoron Allah kada ta sa ka ƙara ko da kalma ɗaya.

Bayan ka sauke wannan nauyi sai ka kame bakinka, a gida da fada da kasuwa. Wan mutumin kuwa ka ba shi haƙuri da magana mai daɗi, ka ce masa taimakon da ƙanensa ke buƙata shi ne a ƙarfafa shi ya mayar da haƙƙin mutane tun yana da iko, kafin ranar da ba a biya da sefa, sai da lada da zunubi.

Ya Allah Ka sanya mu cikin masu riƙon amana. Ka tsare harsunanmu daga ƙage da annamimanci, Ka ba mu ƙarfin faɗin gaskiya a inda ta wajaba. Ka mayar wa waɗanda aka zalunta haƙƙinsu, Ka wanke waɗanda aka yi wa ƙazafi, Ka shiryi waɗanda suka ci dukiyar mutane su tuba su mayar. Ka suturta mu duniya da lahira, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa namu ne, muna neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.